Filin Sinima Da Waƙa: Hausa Ta Je Ƙofar Oscar Sau Biyu, Wa Ya Gani?

Yau za mu ɗan jingine zancen mawaƙa mu leƙa gidan sinima, domin akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na kuwa ga gara in fito da ita a wannan fili kowa ya ji.

A ƙasar Amurka akwai wata babbar gasa ta fina-finai da ake yi kowace shekara, ana ce da ita Oscar. Cikin rukunoninta akwai guda da aka keɓe wa ƙasashen waje, kowace ƙasa ta aika da fim ɗaya tak, bisa sharaɗin cewa fiye da rabin maganar da ke cikinsa ta kasance da wani harshe ban da Ingilishi. Nijeriya ba ta taɓa aikawa ba sai cikin 2019, sa'ad da ta miƙa Lionheart na Genevieve Nnaji. Tun kafin a kai ga auna shi aka fitar da shi daga gasar, domin fim ne na minti 95, amma abin da aka faɗa da harshen Igbo a cikinsa bai wuce minti 12 ba. An yi ta ƙorafi a Ikko, ana cewa ai Ingilishi shi ne harshen gwamnatinmu, kuma Turawan ne da kansu suka ɗora mana shi. Masu gasa dai ba su janye ba.

To, faɗuwar wani tashin wani. Nan da nan harsunan gida suka yi daraja a idon masu shirya fim na Kudu, Hausa kuwa ita ta fi cin moriyar abin. Cikin 2020 kwamitin zaɓe ya aika da The Milkmaid, watau mai tallar nono, wanda Desmond Ovbiagele ya shirya da Hausa. Shekaru biyu da suka biyo baya ba a aika da kome ba. Cikin 2023 aka aika da Mami Wata na C. J. Obasi, wanda aka yi da Turancin buroka, sa'an nan cikin 2024 aka sake komowa ga Hausa da Mai Martaba na Prince Daniel, wanda masu sauraron rediyo a Kano suka sani da laƙabin Aboki. Watau daga 2019 zuwa 2024 fim huɗu ƙasar nan ta miƙa, biyu daga cikinsu da harshenmu suke magana. Ba wanda ya kai ga shiga jerin goma sha biyar na tankaɗen farko, amma wannan bai dame ni ba. Ƙasashe sama da tamanin ne suke aikawa, kuma yaro ba ya fara tafiya da gudu.

Bari in faɗi abin da na gani a cikinsu.

The Milkmaid labarin wasu 'yan'uwa mata biyu ne, Aisha da Zainab, 'yan Fulani masu tallar nono, waɗanda 'yan tayar da ƙayar baya suka auka wa ƙauyensu ana tsakiyar biki. An ɗauki fim ɗin a Jihar Taraba, kuma duk wanda bai taɓa ganin tsaunukan wannan yanki ba zai yi zaton wata ƙasa ce daban. Abin da ya fi kama ni shi ne wasan Maryam Booth, wadda ta fito a Zainab. Mun saba ganinta a fina-finan Kano, amma a nan sai ga ta ta zama wata mace dabam, wadda zaman daji ya sauya wa zuciya har 'yar'uwarta ta kasa gane ta. Masu yin fim kan wannan fitina sun fi son su nuna mana bindiga da wuta. Wannan ya nuna mana abin da ya fi bindiga ban tsoro, watau yarinyar da aka sace ta wayi gari ta ɗauki masu satar a matsayin danginta. Ba banza ba fim ɗin ya ci kyauta biyar a gasar fina-finan Afirka ta AMAA cikin 2020, har da ta gwarzon fim, ita kuma Maryam ta karɓi ta mataimakiyar jaruma. Sai dai hukumar tace fina-finai ta ƙasa ta yanke masa kimanin minti 24 kafin ta yarda a nuna shi a gida, saboda haka abin da ɗan Nijeriya ya gani gurgun doki ne.

Mai Martaba kuwa ya koma zamanin da. Labarin wata masarauta ce ta ƙirƙira mai suna Jallaba, wadda ta yi arziki da fataucin hamada, sa'an nan rigimar gadon sarauta ta shiga tsakanin gidajenta bayan sarki ya ƙudura 'yarsa Sangaya ce za ta gaje shi. Tsofaffin 'yan kallo za su yi murmushi da jin wannan suna, domin sun tuna da fim ɗin Sangaya na Ali Nuhu da Fati Muhammad, wanda shi ma a gidan sarauta aka kafa shi, sama da shekara ashirin da suka wuce. An ɗauki Mai Martaba a Daura, kuma wannan zaɓe ya yi daidai ƙwarai, gama a garin da ake ba da tarihin Magajiya Daurama da rijiyar Kusugu ba wanda zai ce sarautar mace baƙon abu ce. Dawaki da rawuna da soraye sun cika ido, hoto ya fita tas, murya ba ta shaƙe ba, Adam A. Zango kuma ya yi abin da aka ɗauko shi ya yi a tsakanin sababbin fuskoki. Lalle na fi son wannan da Amina na Izu Ojukwu, wanda ya fito a Netflix cikin 2021, inda aka sa Sarauniyar Zazzau da fadawanta suna zuba Ingilishi kamar a majalisar Ingila.

Amma fa akwai abin dubawa. Duba fuskokin Arewa guda biyu da muka aika wa duniya: ɗaya doki da rawani, ɗaya kuma ɗan bindiga a daji. Waɗannan su ne baƙo ya riga ya sani game da mu, su ne kuma yake sa ran gani. Ina tsohon ma'aikaci mai jiran fansho? Ina matar aure a gidan haya, da ɗan acaɓan da aka hana sana'a, da ɗalibar da ta gama makaranta ba aiki? Waɗannan mutane suna nan a Daɗin Kowa na tashar Arewa24, suna nan a Labarina na Aminu Saira, wanda tun 2020 ya hana mata da maza barci da wuri. Masu shirya irin waɗannan sun san jama'arsu kamar yunwar cikinsu, sun san yadda uwar miji take magana da yadda ɗan kasuwa yake rantsuwa. Abin da ke kashe yawancin fina-finai masu dogon zango shi ne gaggawa da jan labari, abin da za a faɗa a mako ɗaya sai a miƙe shi ya kai wata uku, domin kuɗin YouTube yawan kallo yake bi. Ba na zarginsu da neman abinci. Tun da kasuwar faifai ta mutu a hannun masu satar fasaha da masu tura fim a waya, ba su da wata rijiya da za su ɗebi ruwa. Sai dai har yau ina jiran ranar da ɗaya daga cikinsu zai ɗauki labarin gidan haya, ya ba shi shekara guda cur, ya yi masa irin hoton da aka yi wa dawakin Jallaba.

Sauran magana ita ce ta 'yan kallo, kuma ita ta fi yi mini ciwo. Ka shiga kasuwar Kurmi, ko Sabon Garin Zariya, ko Sabo ta Ibadan, ka tambayi mutum goma wa ya ga The Milkmaid ko Mai Martaba. Ni na gwada a unguwarmu, kowa ya ji labari a rediyo, mai cewa ya gani kuwa sai an tona. Ina zai gani? Gidajen sinima irin su Plaza da Eldorado da Orion, inda iyayenmu suka kalli fina-finan Indiya a Kano, zamaninsu ya wuce. Na zamani ƙalilan ne, suna cikin manyan kantuna, kuɗin shiga kuwa ya fi ƙarfin mai iyali. Ga fim an yi da harshen mutum, an kai shi ƙetare da sunansa, shi kuwa ko ƙyallinsa bai gani ba.

Mun kuwa taɓa yin irin wannan sakaci. Cikin 1976 Adamu Halilu ya shirya fim ɗin Shaihu Umar daga littafin marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa, Umaru Ladan ya fito a Shaihun, aka nuna shi lokacin bikin FESTAC na 1977. Daga nan sai ya ɓace, har aka fid da rai. Sai cikin 2016 aka tsinci faya-fayansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, Jamusawa suka gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin cikin 2018. Mutanen Berlin sun zauna sun kalli Shaihu Umar fes, alhali kuwa ɗaliban da suka karanta littafin a makarantun Bauci da Sakkwato yawancinsu ba su ma san an taɓa yin fim ɗin ba.

Saboda haka ina da roƙo ga wannan hukuma da ke Jos, wadda aka naɗa Ali Nuhu ya shugabance ta cikin Janairun 2024, shi kuwa ba sai an gaya masa halin da 'yan kallon Arewa suke ciki ba. A zamanin Jihar Arewa motar majigi takan shiga gari da la'asar, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, bayan sallar isha'i yara da manya su zauna a ƙasa su kalli Baban Larai yana koya wa manoma noman auduga. Yau na'urar haska fim ba ta fi girman akwatin rediyo ba, ƙaramin janareta ya ishe ta. A nemi izinin masu fina-finan nan uku, a biya su haƙƙinsu, a ɗora a mota, a fara da Daura da Jalingo da Bauci, tun da a can aka ɗebo labaran.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan mawaƙa, mu duba yadda fiyano ya kori kalangu da kuntigi daga gidajen biki.