Wanda Ya Ɓace Ba Sallama Shi Ke Kashe Wasa

Mu biyar ne 'yan wasa, na shidanmu shi ne jagora. Labarin da muke ginawa na wasu 'yan rakiya ne da aka ɗauka haya su tsare ayari, suka wayi gari an sace madugu. Wata uku muka yi muna rubutu kusan kullum, kowa daga garin da yake, wani da asuba kafin ya fita aiki, wata bayan isha'i idan yara sun kwanta. Ranar da jarumanmu suka isa gidan da ake tsare da madugun, jagora ya rubuta cewa ƙofar a garƙame take da kwaɗo, ya tambayi ɗan wasan da jaruminsa ya iya sarrafa makulli abin da zai yi. Kwana ɗaya ya wuce, uku suka wuce, mako ya zagayo. Muna ganin alamar yana kan intanet, amma kunya ta hana kowa yi masa magana. A mako na uku mutum biyu suka daina leƙowa. Babu wanda ya taɓa sanar da cewa wasan ya mutu, kuma har yau jaruman nan biyar suna tsaye a bakin ƙofa.

Daga baya na koma na karanta takardar dokokin da muka amince da ita tun farko. Ta ƙayyade mafi ƙarancin kalmomin da kowane rubutu zai ƙunsa. Ta bayyana yadda za a bambanta maganar jarumi da tunaninsa, ta kuma hana gajarce kalmomi irin na saƙon waya. Ko layi ɗaya babu a kan abin da za a yi idan mutum ya yi shiru. Na ga takardu irinta da yawa tun daga lokacin, kuma ra'ayina shi ne akasarinsu taga suke gadi, alhali ɓarawon ta ƙofa yake shigowa.

Wane irin wasa ne wannan?

Ga mai karatun da bai saba ba, wasan da nake nufi jikan Dungeons & Dragons ne, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. A asali mutane sukan zauna a tebur guda. Ɗaya shi ne jagora, yana bayyana duniyar labarin da mutanenta da haɗurranta. Sauran kowa yana riƙe da jarumi ɗaya, yana faɗin abin da jarumin nasa zai yi, idan kuma sakamakon yana da shakka sai a jefa dayis ya raba gardama. Sigar da muke magana a kanta ita ce wadda ake yi a rubuce: babu zama a lokaci guda, kowa yakan rubuta nasa idan ya samu sarari, a Discord ko Telegram ko makamantansu, labarin yana tafiya a hankali cikin makonni da watanni.

Zan kira kowane rubutun ɗan wasa da sunan zubi, domin babu abin da wannan wasa ya fi kama da shi irin adashe. Kowa yana zubawa ne saboda ya yarda sauran ma za su zuba. Wanda ya tsallake zubi ba kansa kaɗai ya cuta ba, ya riƙe kwasar wani. Kuma duk uwar adashen da ta san aikinta, tun kafin a fara take faɗin ranar zubi da abin da zai biyo bayan wanda ya saɓa.

Masu wasa ta gidan waya sun riga mu

Abin takaicin shi ne an daɗe da warware wannan matsala. A 1959 Allan Calhamer ya fitar da wasan Diplomacy, inda mutum bakwai ke riƙe da manyan daulolin Turai na farkon ƙarni na 20: Ingila, Faransa, Jamus, Italiya, Ostiriya-Hangari, Rasha da Turkiyya. Tara mutum bakwai na tsawon sa'o'i abu ne mai wuya, don haka a 1963 John Boardman ya fara gudanar da wasan ta wasiƙa, yana buga sakamako a ƙaramar mujallarsa mai suna Graustark. Wasa guda yakan ɗauki shekaru.

Mutanen nan, da tambarin wasiƙa da keken bugu, sun gane abin da mu masu wayar hannu muka kasa ganewa. Kowane zagaye yana da wa'adi a rubuce. Idan ranar ta cika umarnin wani bai iso ba, alƙalin wasa ba ya jira. Yakan rubuta haruffa uku, NMR, ma'ana ba a samu umarni ba, rundunonin mutumin su tsaya inda suke, wasa ya ci gaba. Idan ya maimaita, akwai 'yan jiran gado da aka tanada su karɓi ƙasarsa. Littafin dokokin wasan ma kansa ya tanadi hukuncin ƙasar da mai ita ya tashi ya bar ta. Ba su ɗauki ɓacewar mutum a matsayin abin mamaki ba. Sun san za ta faru, suka yi mata shiri.

Lissafin jira

A Dungeons & Dragons na yanzu, zagaye ɗaya na faɗa daƙiƙa shida ne a cikin labari. A ce 'yan wasa biyar ne da jagora, kowa yana jiran layinsa, kowa kuma yana ɗaukar kwana guda kafin ya zuba. Zagaye ɗaya ya ci kwana shida. Faɗa mai zagaye huɗu, wato daƙiƙa 24 a labari, ya ci kwana 24 na rayuwar mutane. Wannan fa idan babu wanda ya makara ke nan. Mutum ɗaya ya ƙara kwana uku a kowane zagaye, an haura wata guda ana sara da takobi ɗaya.

A tebur, idan wani ya yi jinkiri, kallon da za a yi masa ya isa. A rubuce babu ido, babu gyaran murya. Shirun mutum ɗaya yakan zama shirun kowa, domin wanda ya leƙo sau uku bai ga sabon abu ba zai rage leƙowa, sai shi ma ya zama wanda ake jira.

A nan ne nake da ƙorafi mafi girma a kan dokar yawan kalmomi. Masu kafa ta suna cewa inganci suke karewa. Ga abin da take haifarwa a zahiri. Ma'aikaciyar da ke da minti biyar tsakanin taro da taro tana iya rubuta layi biyu: jarumarta ta zaro wuƙa, ta tsaya bayan ƙofa. Amma doka ta ce sai sakin layi uku, don haka ta bari sai dare. Dare ya yi, gajiya ta ci ƙarfinta. Gobe ta ga ta makara, ta ji dole abin da za ta kawo ya fi na kullum kyau don ya biya jiran da aka yi. Kowace rana bashin yana ƙaruwa, kunya tana ƙaruwa tare da shi, har ta daina buɗe shafin gaba ɗaya. Dokar da aka kafa don kyautata rubutu ita ce ta ƙera shirun.

Ɓarnarta ba ta tsaya nan ba. Wanda aka tilasta wa cika kalmomi ɗari uku a kan bugu ɗaya, da me zai cika? Ko dai ya yi ta kwatanta launin sararin sama, ko ya shiga gonar wasu: ya rubuta cewa bugun nasa ya samu, abokin gaba ya faɗi, jarumin abokinsa ya yi mamaki har ya ja da baya. Wannan shi ne laifi na biyu mafi muni a wasan, yanke wa jarumin wani hukunci, kuma sau da yawa dokar tsawo ce ke tura mutane cikinsa.

Dokokin da suka cancanci takarda

Ta farko wa'adi ne a fili. Zubi ɗaya a kwana, ko uku a mako, ko duk abin da jama'ar za su iya, muddin an rubuta shi da lamba kuma kowa ya ce ya yarda. A lokacin faɗa a bar tsarin jiran layi: jagora ya buɗe zagaye, kowa ya zuba cikin sa'o'i 48 a duk tsarin da ya samu, sannan jagora ya haɗa sakamako. Ɗan wasa ya jefa dayis ɗinsa a cikin zubin, ya kuma faɗi abin da zai yi idan lamari ya canza, don kada a sake dawowa tambayarsa.

Ta biyu izini ne da kowa zai bayar tun ranar farko: idan wa'adi ya cika ban zuba ba, jagora ya motsa jarumina. Izinin yana da iyaka. Jagora zai sa jarumin ya yi abu mafi sauƙi da ya dace da halinsa, ya buɗe kwaɗon, ya kare kansa, ya bi sahun 'yan'uwansa. Ba zai kashe shi ba, ba zai ƙarar masa da wani abu mai daraja ba, ba zai ɗaukar masa alkawari ko ya sa shi cin amana ba. Daidai yake da rundunonin da ke tsayawa inda suke a Diplomacy.

Ta uku ƙofar fita ce mai mutunci. A rubuta cewa duk wanda ya gaji, ko hidima ta yi masa yawa, ya faɗa cikin layi ɗaya, babu mai tambayarsa dalili. Mutane da yawa suna ɓacewa ne domin ba su san yadda za su ce sun gaji ba tare da jin sun ci fuskar jagora ba. Haka kuma a faɗi bayan kwana nawa na shiru za a janye jarumi daga labari a ba wani gurbin.

Ta huɗu, kowa ya tsaya a kan jaruminsa. Ka rubuta niyyarka da yunƙurinka, ka bar sakamako ga jagora da dayis, ka bar martani ga mai shi. Ma'aunin zubi mai kyau shi ne abin da ya bar wa na gaba: tambayar da za a amsa, ko matakin da za a tare. Layi biyu da suka ba abokin wasa abin kamawa sun fi shafi guda na tunanin zuci da babu mai iya taɓawa.

Ta biyar, a ware wurin hira daban da wurin labari, kuma a can a yanke abin da ba a so ya shigo. Ron Edwards ya gabatar da wata hanya a 2003 da ta raba abubuwa biyu: waɗanda ba za su bayyana a labarin ba sam, da waɗanda za su iya faruwa amma a saki labule a kansu. A tebur akwai katin da John Stavropoulos ya ƙirƙiro, wanda ɗan wasa zai taɓa a dakatar da abin da ya dame shi nan take. A rubuce, kafin ka farka an riga an yi zubi huɗu a kan abin. Shi ya sa magana tun farko ta fi muhimmanci a nan fiye da tebur.

Abin da za a ce mini

Za a ce wasa ne, nishaɗi ne, me ya kawo wa'adi kamar aikin ofis? Amsata ita ce lokacin mutum biyar da ke jira ba wasa ba ne. Wanda ya karɓi gurbi ya hana wani, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Za a ce mu abokai ne, ba ma buƙatar takarda. Abota ce ma ta sa ake buƙatarta. Mu da muka tashi da kunya da kara, wa zai iya ce wa yayansa ko tsohon abokin karatunsa ya riƙe mutane? A wasanmu babu wanda ya iya, shi ya sa muka zuba ido har ya mutu. Idan doka tana nan, ita ce za ta yi maganar, jagora ya motsa jarumi ba tare da kowa ya ji an muzanta shi ba. Tun ran gini, ran zane.

Za a ce rayuwa ba ta da tabbas: wuta takan ɗauke, sabis yakan yanke, yaro yakan kwanta rashin lafiya, ga azumi, ga tafiya. Gaskiya ne, kuma hujja ce a gare ni. Tsarin da ya dogara da cewa babu wanda zai taɓa samun uzuri shi ne marar tausayi, domin yana mayar da mai uzuri mai laifi. Tsarin da ya ce idan ba ka nan za mu riƙe maka jaruminka har ka dawo shi ne ya san halin rayuwa. Wanda ya samu dama ya rubuta cewa sai Laraba, ya kyauta. Wanda bai samu ba, doka ta riga ta rufa masa asiri.

Jagora ma ba a bar shi a baya ba, hasali ma ɓacewarsa ta fi ta kowa illa, domin shi ba wanda zai motsa masa jarumi. Nauyinsa ya ninka na kowane ɗan wasa, kuma shi ne ya fi saurin gajiya. Jagora mai hankali yakan fara da labari gajere mai ƙarshen da ake hange, na wata biyu ko uku, ya kuma faɗi wanda zai riƙe ragama idan shi ya samu cikas. Alkawarin labarin shekara biyar daga mutumin da bai taɓa kammala na wata ɗaya ba, kada ka ɗauke shi da muhimmanci.

Ba daga kan tudu nake wannan magana ba. Ni ma na taɓa yin shiru a wani wasa, na yi ta cewa gobe zan rubuta abu mai kyau, har goben ta zama wata biyu. Da na koma ba da haƙuri, na tarar jagorar ta bi dokar da ta kafa: a kwana na uku ta sa jarumina ya tsaya gadin dawaki, sauran suka shiga gari, labari ya ci gaba. Ba ta yi fushi ba, ta tambaye ni kawai ko zan dawo ko a ba wani gurbin. Tun daga ranar, duk wasan da aka gayyace ni, kafin in tambayi labarin ko irin jarumin da zan riƙe, nakan tambayi abin da ke faruwa a kwana na uku na shiru. Idan jagora ba shi da amsa, nakan yi godiya in ba da uzuri.