Ciwon baya da gwiwa: kada tsohon soja ya yi shiru

Duk wanda ya zauna da tsohon soja ya san ba harsashi kaɗai ke nakasa mutum ba. Akwai bayan da nauyin kaya ya lanƙwasa, akwai gwiwar da tafiyar ƙasa ta cinye. Irin wannan ciwo ba ya barin tabo, shi ya sa masu yanke fanshon nakasa suka fi saurin ƙin sa.

Mu dubi dokar Faransa, tun da dattawanmu da yawa sun yi mata soja a Indoshin da Aljeriya. Dokar ta raba rauni da cuta. Rauni yana ba da haƙƙin fansho in likita ya auna nakasar ta kai kashi 10 cikin 100. Cutar da aka ɗauka a fagen yaƙi ma haka ne. Amma wadda ta zo lokacin zaman lafiya, sai ta kai kashi 30. A nan ne baya da gwiwa ke faɗuwa: ko a ce cuta ce ba ta kai ma'auni ba, ko a ce tsufa ne kawai, babu ruwan aikin soja.

Amsar farko ba ita ce ta ƙarshe ba. Tun 1 ga Nuwamba 2019, wanda aka ƙi yana da wata 6 ya kai kukansa gaban kwamitin ɗaukaka ƙara na nakasassu. In bai gamsu ba, ya wuce kotu. A 2009 babbar kotun da ke shari'a tsakanin mutum da hukuma, wato Conseil d'État, ta ce ciwon da ya auku farat ɗaya a kan wani aiki sananne rauni ne, ko da ba wanda ya bugi sojan. Wanda yake karɓar fansho kuma, in nakasarsa ta ƙaru da kashi 10, yana iya neman a sake dubawa.

Tarihi ya nuna naci yana biya. Dokar 1959 ta daskarar da fanshon sojojin ƙasashen da suka sami mulkin kai. Wani tsohon soja ɗan Senegal, Amadu Diop, ya kai ƙara, a 2001 kotu ta ba shi gaskiya. A 2007 aka daidaita fanshon nakasa da na Faransawa.

Sai dai kotu ba ta jin ciwo, takarda take karantawa: ranar da abin ya faru, wurin, da shaidar likitan soja. Don haka muna kira ga waɗanda suka sauke karatun yaƙi da jahilci: ku buɗe akwatin baba, ku karanta masa wasiƙar da ta zo, ku lura da kwanan watan da ke kanta, domin lokacin ƙara ba ya jiran kowa. Ma'aikata kuma su fassara wa dattijo amsar hukuma cikin harshensa, kada su sallame shi da “sai haƙuri”.

Ku kuma samari masu kaki a yau, ranar da gwiwa ta gurɗe, ranar za ku sa a rubuta. In kunne ya ji, jiki ya tsira.