Kundi ɗaya a kasuwa, hukunci daban-daban a kotu

Duk wanda ya ratsa ta bakin babbar kotu a Kano ko Kaduna ko Sakkwato, ya ga masu baje littattafan doka, kuma cikin hajarsu ba a rasa kundin hukunta laifuffuka na Arewa, wanda aka fi sani da Final Kod. Mai saye yakan tafi da shi yana zaton ya riƙe hukuncin da ke aiki a garinsu, alhali sau da yawa abin da ke hannunsa matani ne na zamanin da Arewa take jiha guda, majalisarta guda a Kaduna.

Asalin kundin sananne ne. A 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, kuma bisa shawararsu majalisa ta zartar da kundin a 1959, aka ɗora shi kan na Sudan, wanda shi ma ya samo tushe daga na Indiya na 1860, ya fara aiki ranar 30 ga Satumba 1960. Amma tun da aka raba Arewa jihohi shida a 1967, har suka kai goma sha tara a yau, kowace jiha ta gaji kundin a matsayin dokarta, tana da ikon ƙara masa ko rage masa ba tare da neman iznin maƙwabciyarta ba. Daga shekarar 2000, da Zamfara ta buɗe ƙofa, jihohi goma sha biyu suka koma ga hukuncin Shari'a a kan Musulmi, tsohon kundin kuma bai gushe ba. Kaduna ta sake nata ɗungurungum a 2017, sannan a 2020 ta gyara babin fyaɗe, ta sanya dandaƙa da kisa ga wanda ya keta haddin yaron da bai kai shekara goma sha huɗu ba, hukuncin da ba ya hawa kan wanda ya aikata laifin a Abuja.

A nan ne aikin mai tace doka ya zama amana mai nauyi, domin idan ya shigar da gyaran Kaduna cikin matanin ya shafe tsohon lafazi, ya yi wa mutanen sauran jihohi ƙarya, idan kuwa ya bar tsohon lafazin bai ce komai ba, ya ɓatar da mutanen Kaduna. Malamanmu na zaure sun daɗe da sanin maganin wannan mushkila, domin ba su yarda almajiri ya yi fatawa kafin ya san nasikhi da mansukhi ba, kuma hashiya ba ta cinye matani, a gefensa take zama da sunan mai ita. Haka ya kamata kowane sashe ya zo da bayanin jihar da ta gyara shi, da ranar da gyaran ya fara aiki, da lafazin da ya wanzu a sauran wurare. Birtaniya tana yin haka, inda sashe guda kan fito da siga biyu, ta Ingila da Wales daban, ta Sikotilan daban.

Irin wannan ruɗani ya shafi dokokin tarayya ma, domin dokar kare haƙƙin yara ta 2003 da ta hana cin zarafi ta 2015 a Abuja kaɗai suke aiki sai jiha ta karɓe su, kuma jihohin da suka karɓa ba duka suka bar lafazin yadda yake ba.

Wanda wannan sakaci ke cutarwa shi ne talakan da ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya tuhuma da sashen da aka riga aka shafe, ba shi da lauyan da zai farga. Ina roƙon kwamishinonin shari'a na jihohin Arewa, kowa ya fitar da tataccen kundin jiharsa, da Turanci da Hausa, a buga a takarda a kuma sa a intanet, sannan a sabunta shi duk lokacin da gwamna ya rattaba hannu kan gyara.