Kumburin Muƙamuƙi Ba Aikin Wanzami Ba Ne

Akwai wani ciwo mai kama ƙashin muƙamuƙi wanda likitoci ke kira amelobulastoma. Tsiro ne da ke tasowa daga ragowar ƙwayoyin halittar da ke gina haƙori, kuma wajen kashi 80 cikin 100 a muƙamuƙin ƙasa yake fitowa, galibi can ciki wajen haƙoran tauna. Ba ciwon daji ba ne, da wuya ƙwarai ya yaɗu zuwa sauran jiki. Amma fa yakan ci ƙashi sannu a hankali kamar yadda gara ke cin azara, har haƙora su yi girgiɗi, fuska ta karkace, tauna da magana su gagara.

Ba baƙon ciwo ba ne a Arewa. Tun a 1980 likita E. O. Adekeye na Kaduna ya ba da rahoton majiyyata 109 masu fama da shi. Mugun halinsa kuwa shi ne ba ya zafi da fari. Saboda haka a unguwa irin Bulabulin ta Maiduguri, mai kumburin zai iya shekara da shekaru yana rufe haɓa da rawani ko mayafi, ana cewa ciwon haƙori ne, ko sammu, ana kai shi ga wanzami ya yi sakiya, alhali Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri yana nan cikin garin.

Sakiya ba ta kashe shi, shafe-shafe ma haka. Ko a asibiti, in kankare shi kawai aka yi, sau da yawa yakan dawo. Maganinsa shi ne a yanke ƙashin da ya kamu, a haɗa da kamar santimita ɗaya na lafiyayyen ƙashi. In an zo da wuri, abin da za a cire kaɗan ne. In an makara, sai a cire rabin muƙamuƙi, a ɗebo ƙashin haƙarƙari ko na ƙugu ko na ƙafa a yi masa gyara, kuɗin aiki kuma ya ninka.

To, a nan ne nauyi ya hau kan 'yan Arewa mazauna Kudu, domin da yawa daga cikinsu su ne ke aika kuɗin magani gida, kuma maganar mai aikowa ba ta faɗuwa ƙasa. Lalle ne duk wanda aka gaya masa ɗan'uwansa na da kumburin muƙamuƙi wanda ya ƙi sacewa, ya sa sharaɗi cewa kuɗin na hoton ƙashi ne da ganin likitan haƙori. Su kansu kuma kada su yi sakaci da nasu jikin: Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ikko yana Idi-Araba, maƙwabtaka da unguwar Hausawa, na Badun kuwa ba shi da nisa da Sabo.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.