Yaranmu Da Ake Tambaya "Kai Ɗan Ina Ne?"

A wannan fitowar ina so in yi magana a kan wani ciwo da ba ma kawo shi gaban taro, alhali yana cikin gidajenmu.

Watannin baya wani yaro ɗan unguwarmu, wanda ba zan kama sunansa ba, ya zo ofishin ƙungiya a rubuta masa wasiƙa. A Limawa aka haife shi, a nan aka haifi mahaifinsa. Kakansa ne ya zo daga ƙasar Katsina, kamar yadda kakannin da yawa daga cikinmu suka biyo jirgin ƙasa bayan an shimfiɗa layin Baro zuwa Kano a 1911. Mahaifiyarsa Banufiya ce, yana jin Nufanci, yana kuma ɗan taɓa Gwaranci saboda abokan makaranta. Ya je neman takardar indijin domin cike fom ɗin aiki, aka ce ya koma garinsu. Ya ci bashin kuɗin mota ya tafi garin kakan nasa, can kuma aka ce ba a san shi ba, har wani ya yi masa ba'a cewa Hausarsa ta Gwarawa ce. Da ya dawo sai ya daina fita, ya daina cin abinci sosai, barci ya ƙaurace masa. A gida aka ce iska ce, wasu suka ce sammu. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi. Da na zauna da shi, abin da ya ce mini shi ne: "Baba, ni fa ban san ko ni wane ne ba."

Ni ba likita ba ne. Karatuna na ajin yaƙi da jahilci ne, da girmana na koyi riƙe biro. Amma na san wannan ciwon domin na ɗanɗana shi, bambancin kawai mu a zamaninmu muna da kasuwa da sana'ar gado da muke fakewa a ciki. Yaran yanzu kuwa duk ƙofar da suka nufa, jami'a ce, aikin soja ne, aikin gwamnati ne, sai an tambayi wannan takarda.

Ya kamata mu san inda matsalar ta samo asali. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana a nuna wa ɗan Najeriya bambanci saboda ƙabilarsa ko asalin garinsu. Amma tsarin mulkin nan dai shi ya kawo maganar ɗan asalin jiha wajen naɗa ministoci a sashe na 147, kuma Hukumar Raba Daidai da aka kafa a 1996 da wannan ma'aunin take aiki. Ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan wannan wariya tun 2006. A 2025 Mataimakin Kakakin Majalisar Wakilai Benjamin Kalu ya kawo ƙudirin da zai ba wanda ya shekara goma a jiha damar zama ɗan asalinta, aka yi ta ce-ce-ku-ce har ya janye shi. Wato gyaran doka ba yau ba ne, ba gobe ba. To, yaron da ke kwance a ɗaki yana jiran majalisa ne?

Ra'ayina shi ne ƙungiya ta ɗauki lafiyar zuciyar yaranmu a matsayin wani ɓangare na aikinta, kamar yadda muke ɗaukar lauya. Akwai mutanen da suka karanci halayyar ɗan Adam, aikinsu su zauna da mutum su saurare shi, mako bayan mako, su taimaka masa ya warware tunanin da ya cukurkuɗe masa. Ba allura, sau da yawa ma ba ƙwaya. Idan abin ya yi tsanani su tura shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, kamar na asibitin tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Tun Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 da ke kallon mai irin wannan lalura kamar abin ɗaurewa.

Na san abin da wasu dattawa za su ce, domin sun faɗa mini a fuska. Sun ce wannan al'adar Turawa ce, mu muna da malamai da addu'a, kuma ɗan mutunci ba ya kai sirrin gida wurin baƙo. Addu'a kam ba wanda ya ce a bari. Amma mai hawan jini yana addu'a yana kuma shan maganinsa, ba mu taɓa ce masa ya yi rashin tawakkali ba. Maganar sirri kuwa, yaron nan bai iya faɗa wa mahaifinsa ba saboda kunya, bai iya faɗa wa mahaifiyarsa ba don kada ta ga kamar yana ƙyamar danginta. Baƙon da ba ya cikin rigimar shi ya fi sauƙin faɗa wa.

Sai dai ni ma ina da sharaɗi. Ba kowane mai takardar shaida zan miƙa wa yaranmu ba. Wanda bai san bambancin Bosso da Limawa ba, bai san abin da kalmar "baƙo" take yi wa wanda aka yanke cibiyarsa a garin ba, zai ce wa yaro matsalar a kansa take, ya koyi haƙuri. Wannan ƙarya ce. An hana shi haƙƙi ne da gaske, kuma mai ba shi shawara dole ya fara amsa wannan. Abin da nake so yaro ya fito da shi shi ne ya daina ganin sai ya zaɓi ɗaya: Bahaushe ne ta wajen uba, Banufe ta wajen uwa, ɗan Minna ta haihuwa, kuma babu wanda a ciki ya soke wani.

A nan mu ma muna da laifi. Mu ne muke ce wa yaro "kai ba ɗan nan ba ne" idan ya kawo abokai Gwarawa gida, mu ne muke yi masa faɗa idan ya yi Nufanci da kakarsa. Gwarawa su ne masu ƙasar nan, ba mu taɓa musun haka ba, kuma su ma 'ya'yansu da aka haifa a Kano ko Kaduna irin wannan tambayar suke sha.

A taron wata mai zuwa zan gabatar da buƙatar a ware wani abu daga kuɗin wata-wata, a nemo ƙwararre mai jin Hausa, a samu mace domin 'yan mata, su riƙa zuwa ranar Asabar a ɗakin da muke ajin manya bayan an tashi. Ba za a rubuta sunan kowa a littafin ƙungiya ba, ni da ke riƙe da littafin na ɗauki wannan alkawari. Mai goyon baya da mai suka duk su zo su faɗi nasu.

Sakataren Ƙungiya, Minna