Iya Ruwa Fidda Kai: Daga Tsibirin Mnemba Zuwa Gaɓar Kogin Kaduna

A gefen Zanzibar ta ƙasar Tanzaniya akwai wani ɗan tsibiri shiru mai suna Mnemba. Masu yawon buɗe ido daga Turai da Amurka sukan biya kuɗi masu yawa su je can domin su yi nutso a cikin teku. Mutum zai goya tukunyar iska a baya, ya rufe ido da gilashi, ya sa takalmin roba mai faɗi kamar ƙafar agwagwa, ya yi ƙasa yana numfashi yana kallon murjani da kunkuru da kifaye kala-kala. A wurinsu wannan shaƙatawa ce. Mu da muke zaune a Nasarawa, a gaɓar Kogin Kaduna, ya kamata mu kalli kayan da ke jikinsu da wani ido dabam.

Wasu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Emile Gagnan, su ne suka ƙera na'urar a 1943. Aikinta shi ne ta riƙa ba mai nutso iska daidai da nauyin ruwan da ke danne shi. Duk mita 10 da mutum ya sauka, matsin da ke kansa yana ƙaruwa da kwatankwacin matsin iskar da muke ciki a doron ƙasa. Wannan matsi yana tura iskar naitirojin cikin jini, kuma idan mutum ya taso da gaggawa sai ta yi kumfa a jijiyoyinsa, ta shanye masa jiki ko ta kashe shi. Shi ya sa ba a barin sabon shiga ya wuce mita 18. Ashe sana'ar ilimi ce, ƙarfin hali kaɗai bai isa ba.

Nijeriya ta taɓa ganin amfanin wannan ilimi. A watan Mayun 2013 jirgin ruwan Jascon-4 ya kife a tekun yankin Neja-Delta, ya sauka kimanin mita 30. Kukun jirgin, Harrison Okene, ya samu ɗan wurin da iska ta maƙale, ya zauna cikin duhu kusan awa 60. Masu nutso 'yan Afirka ta Kudu da aka aiko sun sauka ne neman gawarwaki, sai ga hannun mai rai ya kamo ɗayansu. Da suka fito da shi sai da ya ƙara kwanaki a wani ɗaki na musamman ana rage masa matsi sannu a hankali. Daga baya shi ma ya koyi sana'ar.

Yanzu mu dawo gida. Duk damina kogin nan yakan cika ya tumbatsa, kuma Nasarawa da Tudun Wada da Kabala ba baƙin ambaliya ba ne. Idan yaro ya je wanka bai dawo ba, ko kwalekwale ya kife, wa ake kira? Masunta da masu haƙar yashi. Su ne za su tuɓe riga su faɗa ruwan da ya yi jajir da laka, inda mutum ba ya ganin tafin hannunsa, suna lalube a tsakanin duwatsu da kututture da huhunsu kaɗai. Haka aka yi a Bagwai ta Jihar Kano a ƙarshen Nuwamban 2021, lokacin da jirgi ya kife a Dam ɗin Watari da ɗaliban Islamiyya, aka rasa aƙalla rayuka 29. Mutanen gari ne suka fara faɗawa ruwa.

Ba gwanaye muka rasa ba. Wanda ya ga wasannin Kabanci a kogin Matan Fada na Argungu, bikin da UNESCO ta sanya cikin al'adun gado na duniya a 2016, ya san muna da masu daɗewa a ƙarƙashin ruwa. Sarautar Sarkin Ruwa ma shaida ce. Abin da muka rasa shi ne horo da kayan aiki da albashi.

Sai dai a faɗi gaskiya: tukunyar iska ba kasafai take ceton wanda ya riga ya nutse ba, domin ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa cikin 'yan mintuna idan babu numfashi. Amfaninta shi ne ta kare ran mai neman, kada a tafi ɗauko gawa ɗaya a dawo da biyu, kuma ta ba iyaye damar yi wa ɗansu sutura maimakon kwana uku a bakin kogi suna jiran ruwa ya taso da shi. Wanda ya taɓa ganin irin wannan zama ba zai ce ƙaramin abu ne ba.

Saboda haka kirana ga Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Jihar Kaduna da hukumar kashe gobara shi ne su zaɓi samari daga cikin masuntan gaɓar nan, ta hannun shugabanninsu, a nemi Rundunar Sojan Ruwa ta horar da su nutso da igiya a ruwa mai duhu, a ajiye kayansu kusa da kogi, a sa su a albashi. Attajiranmu da ke gina masallatai su tuna wannan ma sadaka ce mai gudana.

Sauran aikin namu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ruwa ya ci kimanin mutum 300,000 a 2021. Hana yaro zuwa kogi da bulala bai taɓa hana shi zuwa ba. A ɓoye yake tafiya. Gara a koya masa iyo a gaban babba, a koya wa manya yadda ake danna ƙirji a farfaɗo da wanda aka tsamo, kuma kada kowa ya hau kwalekwale babu rigar kariya. Allah Ya tsare mu da zuri'armu. Sai mako mai zuwa.