Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya

Wanda wannan takarda ta shiga hannunsa, don Allah ya karanta wa wanda bai iya ba, a shigar da ita cikin gida kuma mata su ji, domin maganar 'ya'yanmu ce.

A makarantar sakandaren da ta fi kusa da ƙauyenku, wa ke koyar da lissafi? Wa ke koyar da kimiyya? A wurare da yawa babu kowa. In ma akwai, malamin wani fanni ne aka ce ya riƙa kafin a samo gwani. Shekara ta zo ta wuce, ba a samo ba. Ran da yaro ya faɗi jarrabawar fita sai a ce ba shi da kai, alhali ba a koya masa ba ne.

Kada wani ya ce muku lissafi na 'yan birni ne. Ba a ɗaukar yarinya karatun jinya ko na ungozoma sai ta ci lissafi da Turanci da darussan kimiyya. Haka karatun likita, haka na likitan dabbobi. Shi ya sa asibitin ƙauye ke zaune babu ma'aikaciya 'yar gari, mace na naƙuda ana ta neman mota cikin dare. Lissafin nan ne kuma ke gaya wa manomi buhun taki nawa gonarsa ke bukata, da ko bashin da ya ci da damina zai cinye amfaninsa da kaka.

Dattawa suna tune da shekarar 1976, da aka buɗe ƙofar firamare kyauta ga kowane yaro. Yara suka cika azuzuwa, malamai suka yi kaɗan, har aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna don a horar da su suna bakin aiki. A sakandare kuwa, darussan kimiyya da yawa baƙi ne suka riƙe mana su, mutanen Indiya da Pakistan da Gana. Sun yi aiki, Allah ya saka musu. Amma da kuɗin mai ya ja baya bayan 1980, sai suka kama hanya, aka bar ɗakunan gwaje-gwaje a kulle. Zanen aro ba ya rufe katara.

Mun kuma ga abin da ke faruwa in gwamnati ta sa kanta da gaske. A 1977 Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, ta zuba malamai da kayan aiki. 'Ya'yan talakawa suka shiga, suka fito likitoci da injiniyoyi. Ashe kai akwai shi, malami ne babu.

To, yanzu ana ta maganar gidauniyoyi, watau asusun taimako na masu hali da na ƙasashen waje, waɗanda ke ba da kuɗi a horar da malaman lissafi da kimiyya. Jam'iyyarmu tana maraba da su. A 2006 an fara irin wannan shiri da taimakon Japan a jihohin Kaduna da Neja da Filato, ana nuna wa malamin firamare yadda zai koyar da kimiyya da abin da ke kusa da shi, yaro ya taɓa da hannunsa, ya gani da idonsa. Abu ne mai kyau. Sai dai kuɗin taimako yana da wa'adi, shekara uku ko biyar, mai shi ya naɗe tabarmarsa. Yana iya biyan kuɗin horo, amma ba ya biyan albashi har malami ya yi ritaya, kuma ba ya gina masa ɗakin kwana a ƙauye. In gwamnati ba ta ɗora ba, malamin da aka horar zai nemi canji zuwa birni, ko ya bar alli gaba ɗaya.

Ko kuɗin Gwamnatin Tarayya ma haka yake. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya domin firamare da ƙaramar sakandare. Amma kafin jiha ta ɗauki babban kasonta, sai ta ajiye nata daidai da shi. Sau da yawa jihohi sun ƙi ajiyewa, kuɗin ya yi ta kwana a Abuja, 'ya'yanku na zaune a ƙasa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Don haka ga alkawarinmu, ku riƙe mu da shi.

Na ɗaya, kowace shekara za mu biya kason jiha a kan lokaci, mu ɗauko na Tarayya.

Na biyu, duk gidauniyar da ta kawo taimako, za mu sa namu kuɗin a kasafi tun ranar farko, yadda ko ta tafi aiki ba zai tsaya ba. Za a karanta a rediyo nawa aka karɓa, su wa aka horar, ina aka tura su.

Na uku, daga kowace ƙaramar hukuma za mu zaɓi yara maza da mata masu ƙoƙari, mu ɗauki nauyinsu a kwalejin ilmi su karanta lissafi da kimiyya, bisa sharaɗin su dawo su koyar a garinsu.

Na huɗu, malamin da ya yarda ya zauna a ƙauye zai sami gida da ƙarin alawus, albashinsa kuma ba zai wuce ƙarshen wata ba.

Masu neman ƙuri'a za su zo muku da atamfa da sabulu da taliya. Sabulu na ƙarewa kafin sati ya zagayo. Ku tambaye su malaman lissafi nawa suka kawo garinku tun da suka hau mulki, ku saurari amsa.

Ranar zaɓe a fito da sassafe, maigida da uwargida da samari, kowa da katinsa. A dangwala wa jam'iyyarmu, a tsaya har a ƙirga. Allah ya ba mu sa'a, amin.